Sojojin Kundumbalar Ruwa na Rasha: Me Ya Haɗa Su da Ƙasar da Ba Ta da Teku?

A daren 10 ga Afrilu 2024 wani ƙaton jirgin dakon kaya na sojan Rasha ya sauka a filin jirgin saman Yamai. Kashegari gidan talabijin na ƙasa ya nuna ana sauke kaya, ya kuma sanar cewa masu horar da soji ne suka iso, tare da na'urorin kare sararin samaniya. Watanni huɗu kafin nan, a farkon Disamba 2023, mataimakin ministan tsaron Rasha Yunus-bek Yevkurov ya zo Yamai ya sa hannu kan takardar ƙarfafa hulɗar soji. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a ranar 22 ga Disamban nan, na Amurka kuma suka kammala kwashe nasu ya nasu a Satumba 2024. Tun daga lokacin maganar sojan Rasha ba ta bar bakin mutane ba, daga fadar samari ta shan shayi har zuwa ofisoshin gwamnati.

Cikin rundunonin Rasha da sunansu ya fi yawo akwai zaratan sojojin ruwa, masu shiga ƙarƙashin teku da dare su yi aikinsu su fita ba wanda ya gan su. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Nijar da su, ƙasar da sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Yamai kafin a ga teku a Kwatano. Ina ganin da ruwanmu, ta fuska biyu. Tarihinsu yana nuna abin da Rasha ta daɗe tana nema a Afirka, wato tashoshin jiragen ruwa. Yana kuma nuna yadda ƙasa ke gina tsaron ruwanta da mutanenta, darasin da kogin Isa da tafkin Chadi ke jira mu koya.

Rundunoni uku da ake cakuɗawa

Sojojin da ake yi wa kuɗin goro da wannan suna sun kasu uku. Na farko su ne masu leƙen asiri da ɓarna a bayan abokin gaba, waɗanda ke ƙarƙashin sashen leƙen asirin soji. Kowace babbar rundunar ruwa tana da nata: ta tekun Baltik a Parusnoye kusa da Kaliningrad, ta tekun Pasifik a tsibirin Russky kusa da Vladivostok, sai ta Arewa da ta Bahar Aswad. Na biyu masu gadi ne, aikinsu hana masu nutson abokin gaba kusantar jirage da tashoshi. Na uku su ne sojojin ƙasa na rundunar ruwa, masu baƙar hula, waɗanda ake saukewa a gaɓa da motocin sulke domin yaƙin gaba da gaba. Waɗannan na ƙarshe su ne masu yawa, su ne kuma aka fi gani a talabijin. Na farko da na biyu 'yan kaɗan ne, kuma rabin ƙarfinsu a ɓoye sirri yake.

Daga neman zinariya zuwa yaƙi

Asalin abin ba daga barikin soja ya fito ba. A 1923 gwamnatin Sobiyet ta kafa wata hukumar masu nutso mai suna EPRON domin neman wani jirgin Ingila da ya nutse kusa da Balaklava a 1854, wanda ake rade-radin yana ɗauke da zinariya. Ba a samu dukiyar da ake zato ba, amma an samu abin da ya fi ta amfani: ƙwararrun masu nutso da makarantar horar da su. Sun yi shekaru suna tsamo jiragen da suka nutse.

Da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, waɗannan ma'aikata aka waiwaya. A ranar 11 ga Agusta 1941 aka kafa rukuni na musamman a Leningrad ƙarƙashin Laftanar Ivan Prokhvatilov, mutum ƙasa da ɗari biyu, akasarinsu daga makarantar nutso. Suna bi ta ƙarƙashin ruwa su fito a gaɓar da Jamusawa suka mamaye, su gano inda manyan bindigogin da ke luguden wuta kan birnin suke, su dawo da labari. A can arewa mai nisa kuma wani matashi Viktor Leonov ya jagoranci 'yan leƙen asirin rundunar Arewa. A Oktoba 1944 mutanensa suka yi kwanaki suna ratsa duwatsu cikin sanyi, suka faɗa wa bindigogin Jamus da ke gadin tashar Liinakhamari ta baya, suka buɗe wa jiragen Sobiyet hanya. A Agusta 1945 ya yi irin wannan aiki a tashoshin ruwan Koriya da ke hannun Japan. Sau biyu aka ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar.

Duk da haka, yaƙi na ƙarewa aka rushe waɗannan rukunoni. Sai a 1953 aka sake kafa na farko a Bahar Aswad, na Baltik ya biyo baya a 1954, na Pasifik a 1955.

Abubuwa biyu da suka farkar da Mosko

A daren 29 ga Oktoba 1955 wani abu ya fashe a ƙarƙashin babban jirgin yaƙi Novorossiysk yana tsaye cikin tashar Sebastopol. Jirgin ya kife, sama da mutum 600 suka mutu. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan tsohuwar nakiyar da Jamusawa suka bari tun lokacin yaƙi. Amma jirgin asalinsa na Italiya ne, an karɓe shi a matsayin diyyar yaƙi, kuma Italiyawa su ne gwanayen wannan sana'a: a Disamba 1941 mutum shida daga cikinsu suka nakasa manyan jiragen yaƙin Ingila biyu a tashar Iskandariya ta Masar. Saboda haka zargin cewa da hannun masu nutso a ciki bai taɓa gushewa daga zukatan hafsoshin Sobiyet ba.

Wata shida bayan haka, a Afrilu 1956, jirgin yaƙi Ordzhonikidze ya kai jagoran Sobiyet Nikita Khrushchev ziyara Ingila. Yana tsaye a Portsmouth sai wani tsohon mai nutso na sojan Ingila, Lionel Crabb, ya shiga ƙarƙashinsa domin leƙen asiri. Bai fito ba. Abin ya zama abin kunya ga gwamnatin Anthony Eden, ga Mosko kuma ya zama hujja cewa ko jirgin da ke ɗauke da shugaban ƙasa bai tsira ba. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa rukunonin masu gadin ƙarƙashin ruwa a manyan tashoshi, aka kuma fara horar da dabbobin ruwa da ake kira dolfin a Sebastopol domin su riƙa gano baƙon da ya shigo.

Yadda aikin yake

Wanda ya ga aikin a fim zai ɗauka jarumtaka ce zalla. Mafi yawansa haƙuri ne da lissafi. Jirgin ƙarƙashin teku yakan kawo su nesa da gaɓa, su fita ɗaya bayan ɗaya ta bututun da ake harba makami, bututun da faɗinsa bai wuce rabin mita da kaɗan ba. Mutum ya kwanta a ciki, a rufe ƙofa ta baya, ruwan sanyi ya cika shi cikin duhu, sannan a buɗe ta gaba. A horo, nan ne ake gane wanda zai iya da wanda ba zai iya ba.

Kayan numfashinsu ba ya fitar da kumfa, domin kumfa ita ke tona asiri a saman ruwa. Iskar da mutum ya fitar tana bi ta cikin wani sinadari da ke tsotse gurɓatacciyar, a ƙara mata iskar shaƙa, ta dawo masa. Hatsarin shi ne tsantsar wannan iska takan zama guba idan aka zarce zurfin 'yan mitoci, ta sa mutum farfaɗiya a inda ba mai cetonsa. Ba ya ganin gabansa. Abin da yake da shi na'urar nuna alƙibla ce da agogo da ƙirgen bugun ƙafarsa. Idan ya isa, sai ya manna nakiya mai maganaɗisu a jikin jirgi, ƙasa da inda ruwa ya kai, ya saita lokaci, ya juya.

Harsashi na yau da kullum ba ya tafiya a ruwa. Don haka masana'antun Sobiyet suka ƙera ƙaramar bindiga SPP-1 a 1971, da babba APS a 1975, wadda ke harba dogayen ƙusoshin ƙarfe masu tsawon kusan santimita 12. A zurfin mita biyar tana iya kisa daga nisan mita 30. A ƙarshen shekarun 1980 kuma aka gina ƙananan jiragen nutso biyu masu suna Piranya domin kai irin waɗannan mutane, sai dai rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta bar su babu kuɗin kulawa, aka yanyanka su a 1999.

Sawunsu a gaɓar Afirka

Afirka ta Yamma ta san rundunar ruwan Mosko tun da daɗewa. A ranar 22 ga Nuwamba 1970 sojojin Fotugal suka shigo Konakiri ta teku da dare, suka lalata jiragen da ke tashar, suka kuɓutar da fursunoninsu, suka fita. Shugaba Sékou Touré ya nemi taimako, jiragen yaƙin Sobiyet suka fara sintiri a gaɓar Gini, Konakiri ta zama masaukinsu na shekaru. Haka aka yi a Berbera ta Somaliya har zuwa 1977, lokacin da shugaban ƙasar Siad Barre ya kore su, suka koma tsibiran Dahlak a Bahar Maliya. Haka kuma a Luwanda bayan 'yancin Angola a 1975.

A Angola ne aka ga aikin masu nutso a fili. A farkon Yuni 1986 zaratan sojan Afirka ta Kudu na zamanin wariyar launin fata suka shiga tashar Namibe, suka manna nakiyoyi. Jirgin Kyuba mai suna Habana ya nutse, jiragen dakon kaya biyu na Sobiyet, Kapitan Vislobokov da Kapitan Chirkov, suka lalace. Sai da aka kawo masu nutso daga rundunar Sobiyet suka cire nakiyoyin da ba su tashi ba daga jikin jiragen.

A zamanin nan ma sawun bai ɓace ba. A Oktoba 2012 sojan ruwan Najeriya ya tsare jirgin Myre Seadiver a Legas, da ma'aikata 15 'yan Rasha da makamai. Jirgin na wani kamfanin tsaro ne, Moran, wanda daga cikin mutanensa aka samu wasu da suka kafa tushen abin da ya zama ƙungiyar sojan haya ta Wagner. A Oktoba 2021 kuma sojojin jirgin yaƙi Vice-Admiral Kulakov suka kori 'yan fashin teku daga kan jirgin kwantena MSC Lucia a mashigin tekun Gini, bayan ya taso daga Lome.

Abin da ke cikin duk waɗannan labarai ɗaya ne. Inda jiragen Rasha suka samu wurin tsayawa, nan masu gadinsu suke zuwa, kuma abin da suke gadi jiragen Rasha ne da buƙatun Rasha. Ba laifi ba ne, haka kowace babbar ƙasa take yi. Laifi shi ne mai masauki ya manta da hakan.

Abin da yaƙin Yukren ya bayyana

Rukunin Bahar Aswad na zamanin Sobiyet yana zaune ne a wani ƙaramin tsibiri kusa da Ochakiv. Da tarayyar ta watse, a 1992 ya zama na Yukren. Wato yau 'yan makaranta ɗaya ne ke farautar juna a teku ɗaya.

A 2014 Rasha ta karɓe Kirimiya kusan ba tare da harbi ba, har ta nutsar da wani tsohon jirginta a bakin tafkin Donuzlav domin toshe wa jiragen Yukren hanyar fita. Da yaƙi ya ɓarke a 2022 labari ya sha bamban. A ranar 14 ga Afrilu 2022 babban jirgin rundunar Rasha ta Bahar Aswad, Moskva, ya nutse bayan harin makamai masu linzami. A ranar 29 ga Oktoba na shekarar ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙi, maƙare da nakiya, suka kutsa tashar Sebastopol. Irinsu suka bugi gadar Kerch da ta haɗa Kirimiya da Rasha a Yuli 2023. Rasha ta shimfiɗa raga da shingaye a bakin tashar, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kejin dolfin a wurin, amma daga ƙarshe ta kwashe yawancin manyan jiragenta zuwa tashar Novorossiysk. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙasar da kusan ba ta da jiragen yaƙi ta tilasta wa tsohuwar runduna ja da baya da kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ke ganin sojan Rasha ba ya kuskure, da wanda ke ganin ba shi da komai, duk ya kamata su tsaya a kan wannan su yi nazari.

Hanyar Yamai ta teku ta biyo

Jirgin sama yana kawo mutane da ƙananan kaya. Motocin sulke da manyan bindigogi da tarin harsasai kuwa jirgin ruwa ke ɗaukarsu. Shekaru da dama tashar Tartus ta Siriya, wadda Mosko ke amfani da ita tun 1971, ita ce zangon Rasha a Bahar Rum, daga nan kaya su wuce Tobruk ta Libiya su gangaro kudu. Faɗuwar shugaban Siriya Bashar al-Assad a ranar 8 ga Disamba 2024 ta jefa wannan zango cikin rashin tabbas. Makonni biyu bayan haka jirgin dakon kaya Ursa Major, na kamfanin da ke yi wa ma'aikatar tsaron Rasha jigila, ya nutse tsakanin Sifaniya da Aljeriya bayan fashewar wasu abubuwa, kamfanin ya ce ɓarna aka yi masa. A 2025 aka ga jerin gwanon motocin yaƙin Rasha suna shiga Bamako bayan an sauke su a Konakiri, tashar nan ta 1970. Tun 2020 kuma Mosko ke neman sansani a Port Sudan, na sojoji 300 da jirage huɗu na tsawon shekara 25.

Nijar ma numfashinta a bakin teku yake. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, manyan motoci suka koma doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, da rakiyar soja. Ɗanyen man Agadem yana tafiyar kusan kilomita 2,000 cikin bututu kafin a ɗura shi a jirage a Seme ta Benin. Yuraniyom ɗin Arlit ba ya isa kasuwa sai ta tashar ruwa. Ƙasashen ƙawancen Sahel uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, babu mai gaɓar teku ko taku ɗaya. Abokin da suka zaɓa shi ma yana neman tashar da zai tsaya. Duk mai son sanin ƙarfin wannan ƙawance da iyakarsa, ya dubi taswirar tashoshin ruwa.

Masu goyon bayan hulɗa da Rasha suna da hujja: Faransa da Amurka sun shafe kusan shekara goma a nan, tsaro bai gyaru ba, Mosko kuma tana sayar da makami ba tare da dogon sharaɗi ba. Masu ɗari-ɗari su ma suna da tasu: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Moura ta Mali a Maris 2022, a farmakin sojan Mali da baƙin sojoji, kuma a Yuli 2024 mayaƙan Wagner sun sha mummunan kaye a Tinzawaten. Dukkan hujjojin gaskiya ne. Amma babu ɗayansu da ya amsa tambayar wa zai tsare mana ruwanmu.

Ruwan da muke da shi

Kogin Isa yana ratsa Nijar tsawon kusan kilomita 550, daga iyakar Mali ta Ayoru da Tilaberi, ya raba Yamai biyu, ya wuce Gaya. A gabas kuma ga tafkin Chadi da ɗaruruwan tsibiransa. A ranar 25 ga Afrilu 2015, da asuba, mayaƙan Boko Haram suka zo cikin kwale-kwale masu inji suka auka wa sansanin soja a tsibirin Karamga. Gwamnati ta ce sojoji 46 da fararen hula 28 suka rasu. A Maris 2020 Chadi ta rasa kusan sojoji ɗari a Bohoma, ita ma a tafkin. A ranar 7 ga Satumba 2023 aka harbi jirgin fasinja mai suna Tombouctou a kan kogin nan namu, a cikin Mali, gwamnatin ƙasar ta ce fararen hula 49 suka mutu. Yaƙin ruwa ya riga ya iso mu.

Sai dai ruwanmu ba irin na Baltik ba ne. Tafkin Chadi ba shi da zurfi, ciyawa da kainuwa sun rufe hanyoyinsa, mashigar da aka bi bara bana ta zama tudu. Babu jirgin nutson da zai yi aiki a nan, kuma taswira takan tsufa cikin damina ɗaya. Wanda ya san wurin shi ne Buduma da aka haifa a tsibiri, da masuncin da ke kai banda kasuwa, kamar yadda Sorko da Sarkawa suka san kowane dutse da kowane gulbi a kogi. Ka je bakin ruwa a Gaya ka ga matuƙin kwale-kwale da ya yi lodin buhuna da babura da mutane har ruwa ya kusa leɓen jirgi, ya kalli launin ruwa kawai ya san inda yashi ya taru, ya kauce. Wannan ilimi ba a sayo shi daga waje.

Bayan harin Karamga an umarci mazauna tsibirai su tashi, dubban mutane suka taho da ƙafa zuwa Ngigmi da Bosso, aka kuma hana cinikin kifi domin toshe wa 'yan ta'adda kuɗi. An fahimci dalilin. Amma da mutanen suka tashi, idanu da kunnuwan gwamnati suka tashi tare da su, tsibiran suka zama na wanda ya rage.

Abin da ya kamata mu ɗauka

Rasha ba ta aro zaratan ruwanta daga kowa ba. Ta ɗauko ma'aikatan da sana'arsu ke nan, ta ba su horon soja, kuma duk lokacin da aka cuce ta sai ta gyara. Najeriya ta bi irin wannan hanya da ta kafa rundunar kwale-kwale ta musamman a 2006 saboda rikicin Neja Delta. Nijar tana da jandarmomin kogi da 'yan kwana-kwana masu aikin ceto. A kan su ya kamata a gina: a ɗebi 'ya'yan masunta aiki, a ba su jirage marasa zurfin ciki da injuna da makanikan da za su gyara su a gida, da ƙananan jirage marasa matuƙi na leƙen hanya, a kafa makarantar nutso a bakin kogi. Amfaninsu ba zai tsaya ga yaƙi ba. Ambaliyar 2020 ta karya madatsu ta shiga unguwannin Harobanda da Saga na Yamai, ta 2024 ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa. Mutanen da za su tsare gadoji uku na Yamai da madatsar Kandaji idan ta kammala, su ne za su tsamo yaro daga ruwa a watan Agusta.

Idan Rasha za ta koyar, a koya, haka ma Turkiyya ko wata ƙasar da ke da abin bayarwa. Amma a rubuta a yarjejeniya mutum nawa za a horar, cikin shekara nawa, da ranar da malaminmu zai karɓi aji daga hannun nasu. A kuma gaya wa 'yan ƙasa abin da aka bayar a madadin abin da aka karɓa, domin rashin wannan bayani na cikin abin da aka zargi yarjejeniyoyin baya da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Baƙon soja ba ya zama har abada, Berbera ta shaida hakan, Yamai ma ta shaida sau biyu cikin shekara guda. Tsaron kogi da tafki aikin waɗanda za su ci gaba da shan ruwansu ne.